Janar Hassan Usman Katsina, Ɗan Sarkin da Ya Zaɓi Kaki

1. Gidan da aka haife shi

Katsina tsohon birni ne na ƙasar Hausa. Tana arewacin Nijeriya, ba ta da nisa da Maraɗi ta ƙasar Nijar. Tun zamanin da, an san Katsinawa da malanta da fatauci. Fatakensu kan ɗaura kaya bisa jakuna, su nufi Gwanja sayen goro. Wani ayarin kan bi ta Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli, inda garin Sokode yake a yau. Wani kuma kan bi ta arewa, ya yada zango a Mango, kudu da Dapaong, wato Dapango. Cikin Hausawan da ke zaune a zangunan Togo akwai jikokin waɗannan fatake.

A birnin Katsina aka haifi Hassan, ran 31 ga watan Maris na shekarar 1933. Lokacin nan kakansa, Muhammadu Dikko, shi ne Sarkin Katsina. Dikko ya hau sarauta a 1906. A 1921 ya tafi aikin hajji, ya kuma ziyarci Ingila. Sarki ne mai son ilimi. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, inda aka horar da malaman makaranta da shugabannin Arewa na farko.

Mahaifin Hassan shi ne Usman Nagogo. Kafin ya zama sarki, sai da ya yi aiki. A 1929 aka ba shi shugabancin ƴan dokan Katsina, masu tsaron gari da kasuwa. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari. Da Dikko ya rasu a 1944, sai Nagogo ya gaje shi.

Gidan nan gidan dawaki ne. Dikko ya ƙarfafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, wanda ake kira folo. A wasan nan mahaya huɗu kan kara da mahaya huɗu. Kowa na riƙe da doguwar sanda, yana bugun ƙaramar ƙwallo yana bisa doki a sukwane. Nagogo ya gwanance ƙwarai, har sunansa ya kai ƙasashen waje. Hassan ma ya taso bisa sirdi. Son doki bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

2. Sojojin Bama

Hassan yana da shekara 6 aka soma Yaƙin Duniya na Biyu, a 1939. Ingila da Faransa suka ɗebi samari daga ƙasashen Afirka da suke mulki. Dubban samari daga ƙasar Hausa suka shiga soja. Aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan zuwa Bama, don su yaƙi sojojin Japan. Bama ƙasa ce mai duhun daji da duwatsu da yawan ruwan sama. Sau da yawa babu hanyar mota. A ka sojojin ke ɗaukar kayansu, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu shi. A cikin rundunar, Hausa ita ce harshen da ƙabilu da yawa ke fahimtar juna da shi.

Bayan da Usman Nagogo ya hau sarauta, ya yi doguwar tafiya har Bama. Ya je ya ga sojojin nan a inda suke, ya gaishe su, ya ƙarfafa musu gwiwa. Ba ƙaramin abu ba ne soja ya ga sarki daga gida ya biyo shi har cikin dajin wata ƙasa.

Yaƙi ya ƙare a 1945. Sojoji suka soma komowa gida. Wasu sun zo da lambobin girma a ƙirji. Wasu sun zo da rauni. Wasu ko ba su komo ba, an binne su can nesa da danginsu. Hassan yana da shekara 12 a lokacin.

3. Daga aji zuwa bariki

Hassan ya yi makarantar elementare a Kankiya, ya yi midil a Katsina. Daga nan ya wuce babbar makarantar Zariya, wadda ake kira Kwalejin Barewa a yau. Ya ƙara karatu a wata kwaleji a Zariya ɗin.

Da ya gama karatu, hanyoyi da yawa suna buɗe gabansa. Ɗan sarki mai ilimin boko zai iya zama hakimi, ko babban ma'aikacin gwamnati. Aikin soja kuwa ba shi da daraja a idon manya na lokacin. Ana ganin aikin wanda ba shi da gata ne. Kusan dukan hafsoshi Turawa ne, baƙar fata kuwa sai dai ya yi kurtu, ya yi kofur, ya yi saje. Ƴan Arewa da suka zama hafsoshi ba su da yawa. Ɗaya daga cikin na farko shi ne Zakariya Maimalari, ɗan ƙasar Barno.

Amma mulkin kai ya kusa. In Turawa sun tafi, wa zai jagoranci soja? Shugabannin Arewa suka yi ta kiran samari masu ilimi su shigo. A 1956 Hassan ya amsa kiran. Yana cikin ƴaƴan sarakunan Arewa na farko da suka zaɓi wannan aiki. Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uba ya shugabanci ƴan doka, ɗa kuma ya sa kaki.

An fara horar da shi a Teshi, kusa da Ankara, babban birnin Gana, maƙwabciyar Togo. Daga nan aka tura shi Ingila, ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst. A bariki babu ɗan sarki, babu ɗan talaka. Kowa zai tashi da asuba, ya gyara gadonsa, ya goge takalminsa da hannunsa. Kowa zai yi fareti, ya yi gudu da kaya a baya. Wanda ya saba a durƙusa a gaishe shi, yanzu shi ke ƙamewa gaban saje. Hassan ya jure. A 1958 ya zama hafsa.

Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. A shekarar nan rikici ya ɓarke a ƙasar Kwango. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura sojoji daga ƙasashe da yawa don su raba faɗa. Hassan yana cikin hafsoshin Nijeriya da suka yi aiki a can. Bayan ya komo, ya ci gaba da samun girma har ya kai muƙamin manjo. Aka ba shi rundunar motoci masu sulke da ke Kaduna.

4. Shekara mai wuya

Daren 15 ga Janairu 1966, wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin ƙwace mulki. Suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. Suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna. Suka kashe Firimiyan Yamma, Akintola, da manyan hafsoshi, har da Birgediya Maimalari. Mulki ya koma hannun soja. Janar Ironsi ya zama shugaban ƙasa, ya naɗa gwamnonin soja huɗu. Hassan aka ba Jihar Arewa, wadda ta fi sauran jihohin girma da yawan jama'a. Shekarunsa 32 kacal.

Ya tarar da mutane cikin baƙin ciki da fushi. Bai ɗauki kansa masanin kome ba. Ya jawo ƙwararrun ma'aikatan da suka yi aiki da Sardauna, kamar Malam Ali Akilu, sakataren gwamnati. Ya nemi shawarar sarakuna da dattawa. Ta haka ofisoshi da makarantu da asibitoci suka ci gaba da aiki.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A watan Mayu tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa. Ran 29 ga Yuli wasu sojoji suka sake juyin mulki, aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya zama shugaba. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban ƴan ƙabilar Ibo da ke zaune a Arewa. Mafi yawansu ƴan kasuwa ne da ma'aikata da mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gabas. Wannan babban abin baƙin ciki ne a tarihin ƙasar, kuma ya faru ne Hassan yana gwamna. Ya yi kira a daina, amma bai iya hana dukan ɓarnar ba.

A farkon Oktoba sojojin barikin Kano suka yi bore. Suka ƙi jin maganar hafsoshinsu, suka fita gari da bindigogi suna kisa. Soja mai bindiga wanda ya daina bin umurni ya fi kome haɗari. Hassan bai zauna a Kaduna yana aika saƙo ba. Ya tafi Kano da kansa, ya fuskanci masu boren.

A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, shugabannin sojan Nijeriya suka taru a garin Aburi na ƙasar Gana don neman sulhu. Hassan yana cikinsu. A wurin taron ya gaya wa ƴan'uwansa cewa ya ga boren soja da idonsa a Kano, har jikinsa ya yi rawa. Bai ji kunyar faɗin haka ba. Ya ji tsoro, amma tsoron bai hana shi zuwa inda aikinsa ya kira shi ba.

5. Ya sauka daga kujera

Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Jihar Arewa ta zama jihohi 6, kowace da nata gwamna. Ƙananan ƙabilu sun daɗe suna neman haka, don su ma su riƙa gudanar da al'amuransu. To, amma wannan na nufin kujerar Hassan ta ƙare ke nan. Mutumin da jiya yake mulkin fiye da rabin ƙasa, yau ba shi da jiha ko ɗaya.

Hassan bai ja da maganar ba. Shi ne ma aka ɗora wa aikin rabon. Ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya da ta raba ma'aikata da kayan gwamnati tsakanin sababbin jihohin. Aiki ne kamar rabon gado a babban gida, inda kowa ke duban abin da aka ba ɗan'uwansa. Da aka gama, ya koma aikinsa na soja.

6. Yaƙin basasa

Sulhun Aburi bai ɗore ba. Ran 30 ga Mayu 1967 gwamnan Gabas, Kanar Ojukwu, ya ce yankinsa ya ɓalle, ya zama ƙasar Biyafara. A watan Yuli yaƙi ya tashi. A watan Mayu na 1968 aka naɗa Hassan babban hafsan sojan ƙasa.

Ba a bakin daga kaɗai ake yin yaƙi ba. Dole wani ya ɗauki sababbin sojoji, ya horar da su. Dole a kai musu abinci da takalma da magani da harsashi. Dole a biya su albashi, a kwaso masu rauni a kai su asibiti. Irin wannan nauyi ne ke wuyan babban hafsa. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su wuce wajen 10,000 ba. Kafin ya ƙare sun kai wajen 250,000. Da aka rasa ƙwararru, sai aka kira tsoffin sojoji su komo. Cikinsu har da mazan Bama, waɗanda Sarki Nagogo ya je gaisarwa shekara ashirin da ƴan kai da suka wuce. Yanzu sun zama dattawa, ga shi suna aiki ƙarƙashin ɗansa.

Yaƙin ya yi wata 30. Mutane masu yawan gaske suka mutu, musamman yara ƙanana da yunwa ta kashe a yankin Biyafara. Ran 15 ga Janairu 1970 aka ajiye makamai. Gowon ya yi shelar cewa ba wanda ya ci wani, dukansu ƴan ƙasa ɗaya ne. Amma yaƙi ya bar gwauraye da marayu da guragu a kowane ɓangare.

Hassan ya riƙe muƙaminsa har farkon 1971. Ya kai girman manjo-janar. Daga baya ya zama mataimakin babban hafsa a hedkwatar ƙoli, ya kuma yi kwamishinan tarayya mai kula da al'amuran ma'aikata. Ran 29 ga Yuli 1975 aka tumɓuke Gowon, Murtala Muhammad ya hau. Aka sallami manyan janar-janar, har da Hassan. Ya tuɓe kaki yana da shekara 42, bayan ya yi shekara 19 yana aiki.

7. Ciroman Katsina

Bayan ya bar soja, Hassan ya koma cikin jama'a. Yana riƙe da sarautar Ciroman Katsina. Da mahaifinsu ya rasu a 1981, yayansa Muhammadu Kabir ya zama sarki. Hassan ya zauna kan sarautarsa ta Ciroma har ƙarshen ransa. An san shi da kyauta da sauƙin kai. Masu neman taimako da masu neman shawara ba su yanke zuwa ƙofarsa ba. Ya kuma ci gaba da hidimar wasan folo, wasan kakansa da mahaifinsa.

Allah ya yi masa rasuwa ran 24 ga Yuli 1995, yana da shekara 62.

8. Yadda ake tuna mazan jiya

Mutane ba su manta da shi ba. A Katsina akwai babbar makarantar koyon fasaha mai sunansa. A Kaduna akwai lambun shaƙatawa a bakin kogi, da wani gidan gwamnati, duk an sa musu sunansa.

Ba janar kaɗai ya cancanci a tuna ba. A Nijeriya, kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, akan yi bikin tunawa da sojoji. Akan yi addu'a a masallatai da majami'u. Shugabanni kan ajiye furanni, a busa begila, a saki farin tantabaru. Akan sayar da ƴar alama ta maƙalawa a riga, kuɗin kuma a taimaki tsoffin sojoji da iyalan waɗanda suka mutu.

Togo ma tana da nata mazan jiya. Tun zamanin Jamus akwai Hausawa cikin ƴan sandan ƙasar masu ɗauke da bindiga. A zamanin Faransa, samari da yawa daga arewacin Togo sun yi soja, an kai su Indoshin da Aljeriya. Sojojin Togo sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashe kamar Mali. A watan Mayu na 2022, sojoji 8 sun rasa rayukansu a Kpekpakandi, a yankin da Dapango ke shugabanta, suna tsaron iyakar ƙasa. Kowane ɗayansu yana da iyaye da dangi. A Sokode da Dapango akan sami gidan da kaka ya yi soja, uba ya yi, ɗa ma yana yi.

Yawancin waɗannan mutane ba a sa wa makaranta ko titi sunansu ba. Wani yana zaune a ƙofar gida da sanda a hannu. Wata kuma mijinta ya tafi bai komo ba, ita kaɗai ke riƙon yara. Yaro mai tarbiyya yakan gaishe su da ladabi. Yakan karɓar musu kaya, ya ɗebo musu ruwa. Ba ya yi wa mai rauni dariya. In tsoho ya soma ba da labarin inda ya je, yakan zauna ya saurara, don wanda ya ga yaƙi da idonsa ya fi kowa sanin daɗin zaman lafiya.

Ma'anar kalmomi

Ayari: taron fatake masu tafiya tare.
Hafsa: babban soja mai ba da umurni.
Kurtu: sabon soja wanda ake koya wa aiki.
Bore: ƙin bin umurnin shugaba da tada hankali.
Riƙon ƙwarya: riƙe aiki na ɗan lokaci kafin a miƙa shi.
Yaƙin basasa: yaƙi tsakanin ƴan ƙasa ɗaya.
Mazan jiya: waɗanda suka yi wa ƙasa aikin jarunta a da.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Hassan, kuma a wace shekara?
2. Wane aiki Usman Nagogo ya yi kafin ya zama sarki?
3. Me ya kai Sarki Nagogo ƙasar Bama?
4. Don me manya ba su son ƴaƴansu su shiga soja a lokacin?
5. Me Hassan ya yi da sojojin Kano suka yi bore?
6. Yaya ya karɓi rabon Jihar Arewa zuwa jihohi 6?
7. Shekara nawa ke tsakanin rasuwar Sarki Dikko da rasuwar Hassan?

Aiki

Ku dubi taswirar Afirka ta Yamma, ku nuna Katsina da Kaduna da Ankara da Sokode da Dapango.

Ku tambayi iyayenku ko akwai tsohon soja a unguwarku. In akwai, ku je ku gaishe shi, ku nemi ya gaya muku ƙasashen da ya je. Ku rubuta jimla biyar a kan abin da kuka ji.